Ƙwaya Biyu Kafin Sujada

Har yau in na ji warin busasshiyar citta raina yakan ɓaci, kuma ba cittar ce ta yi mini laifi ba. Dattawan ikilisiyarmu ne, su biyar, da abin da suka yi wa Angelina a shekarar 1977.

Ni ce Edna, mai buga tulu a Zumuntar Mata ta ƙauyenmu, can ƙasar Kagoma, ba nisa da Kafanchan. Angelina ce mai ba da waƙa. Daga Godogodo aka auro ta, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da keken ɗinki. Abin da ta mallaka da ya fi keken daraja shi ne muryarta. In ta ɗauko waƙa ranar Lahadi, har masu wucewa a hanya sukan tsaya a bakin taga su saurara. Shekara goma sha biyu muna zama a benci ɗaya, na gaba, ita a ƙarshe jikin bango, ni kusa da ita da tuluna a cinya.

Tana da fuka tun tana yarinya, amma ciwon ya daɗe da kwanciya, har mun manta da shi. Sai ga shi ya dawo farkon shekarar nan, kuma ya dawo da wani hali na ban mamaki. Litinin lafiya lau, Talata lafiya lau. Ranar Alhamis, da muke koyon waƙa a majami'a, sai atishawa, sai idanu su kawo ruwa, can sai ƙirji ya ɗaure. Ranar Lahadi kuwa abin ya fi muni. Ina zaune kusa da ita ina jin ƙirjinta yana fito, tana jawo iska da ƙyar tsakanin baiti da baiti.

Ba wanda ya kawo a ransa cewa buhunan citta ne. A daminar da ta gabata ikilisiya ta yi gonar citta, shawarar Dattijo Kambai, shugaban dattawa. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin duniya a Bama, wato ƙasar Burma, kuma tun da ya dawo ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Da aka haƙe cittar aka tsaga aka shanya, sai ya ce ba inda za a ajiye ta sai cikin majami'a, don ita kaɗai ke da rufin kwano da ƙofa mai kwaɗo. Aka jibge buhunan a jikin bangon gaba, tun daga ƙasa har kusa da taga. Kafaɗar Angelina tana gogar na ƙarshe.

Ta je ɗakin shan magani wurin Malam Andrawus. Shi ne disfensanmu, kuma shi ma dattijon ikilisiya ne. Mutum ne mai farar riga da alƙalami uku a aljihu, kwalabensa kuwa ba su wuce biyar ba. Ya saurari bayaninta, ya zuba mata wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya a ambulan, irin waɗanda yake ba mai mura da wanda kwarkwasa ta ciza.

"Tun da a coci ne abin yake kama ki," in ji shi, "ki sha biyu kafin ki fito sujada."

Ta sha kamar yadda aka ce. Atishawar ta ragu, gaskiya ne, amma ƙirjin yana nan yadda yake, sai kuma ga wani sabon abu. Angelina ta fara gyangyaɗi a gaban jama'a. Ina zungurinta da gwiwar hannu, ta farka ta dube ni da idanu jajaye, ta koma. Bakinta yakan bushe har harshe ya yi mata nauyi. Aka fara ƙus-ƙus. Ga shi kuma hanyarta ta zuwa majami'a ta bayan gidan da ake dafa burukutu ta bi, don babu wata hanyar.

Lahadi ta uku ga Fabrairu abin ya fashe. Aka kira Zumunta ta ba da waƙa. Angelina ta miƙe, ta buɗe baki, kalmomin suka fito a haɗe kamar na wanda ya cika baki da tuwo. Ta yi tangaɗi, ta nemi abin dafawa, hannunta ya sauka a kan tuluna. Tulun ya faɗi ya tarwatse a gaban Baba Fasto. Ita kuma ta zauna daɓas, kafin a gama kwashe ɓaraguzan har ta yi barci.

Ranar Alhamis dattawa suka zauna a gindin mangwaro suka kira ta. An kira ni shaida, wai tun da tuluna ne ya fashe. Na ce tulun nawa ne kuma ban kawo ƙara ba. Dattijo Kambai ya ce ba a tambaye ni ba.

"Angelina, kin sha ko ba ki sha ba?"

"Baba, tun da aka yi mini baftisma giya ba ta taɓa bakina ba. Maganin da Malam ya ba ni ne. In na sha, kaina yana nauyi."

Duka muka juya muka dubi Malam Andrawus. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa. Ya gyara alƙalumansa, ya dubi ganyen mangwaro.

"Mutum nawa na ba wannan magani a garin nan?" ya ce. "Wa kuka ga ya fasa tulu?"

Wannan maganar ita ce ta tsaya mini a rai har yau. Ya sani. Ko bai san komai ba a duniya, ya san abin da ke cikin kwalabensa biyar. Amma in ya ce maganin ne, za a tambaye shi wa ya ce ta sha biyu, shi ya sa ya gwammace a ce gwauruwa mai 'ya'ya uku mashayiya ce.

Aka sa ta a horo na wata shida. A wurinmu an san abin da horo yake nufi. Ba za ta ci Jibin Ubangiji ba, ba za ta ba da waƙa ba, ba za ta ɗaura zanen Zumunta ba. Kuma za ta koma bencin baya, wanda ke bakin ƙofa, inda masu laifi suke zama don duk mai shiga da mai fita ya gan su. Fasto Nicholas ya sanar ranar Lahadi. Mutumin kirki ne, amma saurayi ne sabon zuwa, kuma Kambai ya girmi ubansa. Angelina ta tashi a gaban kowa ta taka har bayan majami'a ta zauna. 'Yarta ta fari tana cikin 'yan kwaya, mawaƙan majami'a, tana kallo.

Matan da ke kawo mata ɗinki suka fara janye jiki. Yara suna binta da tangaɗin wasa in ta wuce. Don fushi ta jefa ambulan ɗin a kwandon ƙyallaye ta ce ba za ta ƙara sha ba, in fukar za ta kashe ta ta kashe ta.

To sai ga abin da ya ƙara ƙona mini rai. A bencin baya Angelina ta warke. Ba atishawa, ba fito, ba gyangyaɗi. Tana zaune garau, iska tana shigo mata ta ƙofa. Dattawa suka samu abin faɗa. Kambai ya tsaya a sanarwa ya ce, "Kun gani? Da aka bar kwalba, Allah ya ba da lafiya. Horo yana da amfani." Jama'a suka ce amin. Ni ban ce ba. Na dai matse sabon tuluna har na ji tsoron shi ma zai fashe.

Da bikin Ista 'yata Beatrice ta zo hutu. Nas ce, tana aiki a wani babban asibiti a Kaduna. Na ba ta labari tun kafin ta ajiye jaka. Ta ce mu je ta ga maganin. Angelina ta tono ambulan ɗin daga cikin ƙyallaye, Beatrice ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ta juya ɗaya.

"Anti, nawa aka ce ki sha?"

"Biyu."

"Biyu! Sannan ki tsaya ki yi waƙa?"

Ta zauna a kan tabarma ta yi mana bayani, kuma ta yi shi yadda za mu gane. Ta ce a jikin kowa akwai wani abu da ake kira histamin. Yana ajiye shiru, sai abin da jiki ba ya so ya shiga, ƙura ko wani abu, sannan ya fito. Kuma yana da wuraren zamansa, kamar kujeru, a hanci da fata da hanyoyin iska na cikin ƙirji. In ya zauna a na hanci, atishawa. In a na fata, ƙaiƙayi. In a na ƙirji, hanyar iska ta tsuke. Hanyar iskar mai fuka kuwa ba ta da haƙuri, abin da ni zan shaƙa in wuce, ita sai ta rufe.

"Wannan ƙwayar," in ji Beatrice, "aikinta ta riga histamin zama a kujerar. In ya zo ya tarar da ita, sai ya rasa wuri."

"To ai kuwa maganin ya yi daidai," na ce.

"Ga hanci ya yi daidai, Mama. Amma a asma, wato fuka, ba histamin kaɗai ke matse ƙirji ba. Yana da abokan aiki, kuma ƙwayar nan ba ta san hanyarsu ba. Shi ya sa atishawa ta tsaya, ƙirji bai buɗe ba. Likitanmu ma ya ce ba a daɗe da gano cewa kujerun iri biyu ne ba, wasu suna cikin tumbi..."

"Bar na tumbi," na ce. "Barcin fa?"

"Ƙwayar tana hawa kai. Ɗaya ma tana sa barci, ta busar da baki. A wurinmu in direba zai kama hanya ba ma ba shi. Duk wanda ya koyi ba da magani ya san wannan."

Angelina ta dubi ƙwayoyin. Ta sa gefen zane ta share ido.

Washegari Beatrice ta ce a nuna mata inda Anti take zama a da. Ta tsaya a ƙarshen bencin gaba, ta bugi buhu ɗaya da tafin hannu. Wani gari ya tashi a hasken taga, har da warin fumfuna, don ruwan farko ya riga ya sauka. Ita kanta sai da ta yi atishawa. Ta juyo ta dube ni.

Ta ɗauki Angelina suka shiga Kafanchan, suka ga likita a babban asibiti. Ya ba ta wani ɗan bututu da ake fesawa a baki in ƙirji ya ɗaure, wanda ke buɗe hanyar iska kai tsaye. Ya kuma rubuta takarda cewa ƙwayar tana sa barci da jiri, kuma mai fuka ta nisanci ƙurar busasshiyar citta. Muka kai takardar wurin dattawa da murnarmu. Kambai ya karanta, ko dai ya yi kamar ya karanta, ya ninke ta huɗu.

"Likita yana coci ranar da abin ya faru? Ya ga tangaɗin? Mu mun gani da idonmu. Wannan magana ta ƙare."

Beatrice ta koma bakin aiki. Ni kuwa na kwana uku ina tafasa. Ranar Lahadi da safe, kafin a kaɗa ƙararrawa ta biyu, dattawa suna tsaye a gindin mangwaro kamar yadda suka saba, jama'a suna taruwa. Na tafi kai tsaye da ambulan a hannu ɗaya, ƙwaryar ruwa a ɗaya. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, don kada a ce rashin kunya ce ta kawo ni. Sannan na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Iyayena, ga maganin. An ce ba ya sa tangaɗi. Wanda ya tabbata a cikinku ya sha biyu, kamar yadda aka ce Angelina ta sha, mu shiga sujada tare."

Jama'a suka juyo suna kallo. Malam Andrawus ya matso kusa da Kambai da sauri.

"Baba, ba a shan magani ba ciwo. Kada ka biye wa mace."

Da Malam ya yi shiru, da wataƙila Kambai ya kore ni. Amma an ce masa kada ya yi, a gaban mutane, kuma a kan abu ɗan ƙarami kamar ƙwayar gero.

"Ni?" ya ce. "Ni da na sha kwinin da cokali a Bama? Kawo."

Ya watsa biyu a baki, ya kora da ruwa, ya miƙo mini ƙwaryata. Na ga goshin Malam Andrawus ya tsattsafo da gumi.

Waƙar farko Kambai yana zaune ƙyam. Karatun Littafi yana zaune ƙyam. Da aka kai tsakiyar wa'azi sai na ga kan ya fara sauka a hankali, ya fizgo shi, ya sake sauka. Ba ni kaɗai nake kallo ba, rabin majami'a ba wanda ya san abin da Baba Fasto ya yi wa'azi a kai ranar. Da lokacin sanarwa ya yi aka kira shi sau biyu kafin ya ji. Ya miƙe da takarda, ya lashi leɓe, ya karanta layin farko. Ya sake karanta layin farko. Harshen ya ƙi. Ya yi taku ɗaya gefe, ya kai hannu ya dafa buhun citta, ya zauna a kai wai ya huta. Nan ya jingina da bango, takardar ta zame daga hannunsa, tsohon sojan Bama ya shiga minshari a gaban ikilisiya.

Wata tsohuwa ta fara dariya, abin ya bazu. Ni ban yi dariya ba. Na juya na dubi bencin baya. Angelina tana zaune hannuwanta a cinya, ita ma ba ta yi ba.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe ban san dattawa ba. Kafin yamma labari ya zaga cewa Baba ya gaji ne, jiya ya yini a gona. Ba wanda ya kira shi gindin mangwaro. Ba wanda ya tambayi Malam Andrawus komai. Suka yi zamansu su kaɗai ranar Alhamis, ranar Lahadi kuma Fasto Nicholas ya miƙe da takarda a hannu, bai iya ɗaga ido ba.

"Kwamitin dattawa ya ga tubar 'yar'uwarmu Angelina. Ikilisiya ta gafarta mata, an ɗage horon. Ta dawo mazauninta."

Tuba! Wai an gafarta mata. Mace an ɓata mata suna a gaban 'ya'yanta, an hana ta Jibi har da na Ista, sannan a ce ita aka yi wa alheri. Mazaunin nata kuwa yana nan, buhunan ma suna nan, ko ɗaya ba a ɗaga ba, wai damina ta shigo babu inda za a kai su. Matan Zumunta suka fara guɗa, wasu suna yafuto ta da hannu. In ta taso ta dawo gaba, ta karɓi laifin da ba ta yi ba, ta kuma koma shaƙar abin da ke shaƙe ta. In ta zauna, ta zauna a bencin masu laifi.

Ta miƙe tsaye a inda take.

"Na gode, Baba Fasto. Amma ban sha ba, don haka ban tuba ba. Kuma in buhunan nan suna nan, ni ina nan."

Ta zauna. Na ɗauki tuluna na ratsa tsakiyar majami'a na je na zauna kusa da ita. Da aka kira Zumunta, daga can baya ta ɗauko waƙar, matan suna amsawa daga gaba suna waiwaye.

An kwashe buhunan a ƙarshen damina, da kaka ta yi aka jibge sababbi. Haka kowace shekara. Mu ma muka ci gaba da zamanmu. 'Yan gari sun san yadda aka yi, ko da ba sa faɗa. Baƙo kuwa bai sani ba, abin da ya sani shi ne ma'anar bencin baya.

Bayan shekara biyu aka yi babban taro a majami'armu, aka gayyato wani mai wa'azi daga nesa. Ya ji muryar Angelina a waƙar farko, abin ya taɓa shi. Da ya hau wa'azi sai ya miƙa hannu ya nuna mu.

"Ku dubi matan nan biyu a bencin horo. Ban san abin da suka yi ba, Allah ya sani. Amma kun ji yadda mai zunubi yake yabo in ya tuba?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Murya ɗaya ce ta ce amin, daga bencin dattawa, kuma na san muryar. Malam Andrawus ne.

Na yunƙura zan tashi. Ban san abin da zan yi ba, amma tulun yana hannuna. Angelina ta riƙe gefen zanena ta ja ni ƙasa.

"Bari, Edna," ta ce a hankali. "In suka fitar da ke, wa zai buga mini?"

Da aka gama wa'azi ta ja numfashi, dogo, har ƙasan ƙirji, babu fito ko kaɗan, ta ɗauko waƙa. Na buga mata. Amma ban yafe ba.